Sun zare wayar gidana kaf a Danbare: maigadi zan sa ko mutum zan ba ya zauna?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san kan abin ya yi magana, don "Allah ya kiyaye gaba" kam na sha ta tun shekaranjiya.

Ina da gida a Danbare, can wajen sabuwar BUK. Shekara shida ina gina shi da kaɗan-kaɗan, ni kuma aiki ya riƙe ni a Fatakwal. An rufa, an yi silin da filasta, an ja waya, an sa ƙofofi da tagogi, fenti kawai ya rage. Bayan babbar sallah na kulle na tafi. Shekaranjiya ƙanena ya je dubawa ya tarar an haura ta katangar baya, an ɓalle silin an zare wayar wuta gaba ɗaya, an kwance kawunan famfo, har injin rijiyar burtsatse sun zaro da igiyarsa. A tsakar gida kuma ga toka, inda suka zauna suka ƙone robar wayar suka fitar da jan ƙarfen. Kwaɗon ƙofar gida da na saya da tsada yana nan lafiya lau, ko taɓa shi ba su yi ba.

Iyalina ba za su dawo Kano ba sai nan da shekara ɗaya da rabi. In na gyara na sake kullewa, na san abin da zai biyo baya. Maigadi zan ɗauka, ko haya zan bayar, ko wani ɗan uwa zan sa ya zauna?

Ɗan Kurna:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri. Amma ni tokar nan ce ta tsaya min a rai. Mutum ya zauna a tsakar gidanka ya hura wuta ya ƙona roba, warin da ake ji har layi na uku, a ce babu wanda ya leƙo? Ko ba ka da maƙwabta ne?

Baban Khalifa:
Akwai gida biyu da mutane a layin, sauran kangwaye ne da filaye. Gaskiya ban san su sosai ba, gaisuwa ce kawai in na zo duba aiki.

Ɗan Kurna:
To ka ga inda gizo ke saƙar.

Maman Ihsan:
Ɗan Kurna, kar ka yi saurin ɗora wa maƙwabta laifi. Bari in ba ku labarin daga ɓangarenmu, mu da muke kwana jikin kango.

A Ɗorayi muke. Jikin katangarmu akwai wani gini da aka kai linta aka bari, yau shekara tara. Mai shi ko kamanninsa ba mu sani ba, wasu su ce yana Legas, wasu su ce ya rasu magada na rigima. Da farko shara aka fara zubawa. Daga shara aka koma bahaya. Daga nan samari suka mayar da ɗaki ɗaya majalisa, da magariba ta yi sai warin wiwi ya cika mana tsakar gida, da safe a ga kwalaben maganin tari da ledar sholisho. Ramin masai da aka haƙa ba a rufe ba, duk damina sai ya cika ya zama gidan sauro. Bara akuyar maƙwabciyata ta faɗa ciki ta mutu, kuma wallahi abin da kowa ya faɗa shi ne gara akuya da yaro. Ta cikin kangon nan aka haura mana aka ɗauke janareta.

Maigidana ya taɓa leƙawa sau ɗaya da daddare, aka zaro masa wuƙa. Tun daga ranar na ce ba da ni ba. Saboda me zai sayar da ransa a kan dukiyar mutumin da ko lambar wayarsa bai ga damar bar mana ba?

Baban Khalifa, kar ka ji haushina, amma ka taɓa ba mutanen layin lambarka? Ka taɓa shiga ka gaida su ka ce ga amanar gidana? Mai yiwuwa sun ga hayaƙin, sun rasa wa za su kira.

Baban Khalifa:
Ban ji haushi ba Hajiya. Ban ba su ba. Wannan kam laifina ne.

Alhajin Kwari:
Ni dai ba zan ba ka shawarar maigadi ba, don na ɗanɗana. Ina da wani gida a Hotoro da ya yi shekara biyu a rufe. Na ɗauki maigadi, na yi masa ɗaki a bakin ƙofa. Wata rana na biya ba sanarwa da daddare, na tarar da baburan Adaidaita guda biyar a tsakar gidan, ashe kuɗin kwana yake karɓa a hannun direbobi. Ɗakuna biyu kuma ya zuba 'yan garinsu. Ba a sace min komai ba, gaskiya, amma masai ya cika, tayil ya farfashe, bango duk hayaƙin girki.

Abban Sadiya:
Alhaji, nawa kake biyansa?

Alhajin Kwari:
Dubu ashirin da biyar, lokacin.

Abban Sadiya:
To ranka ya daɗe, ai shi ya sa. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta sa a 2024 naira 71,000 ne, kuma masu karɓarsa ma kuka suke. Ka ba mutum dubu ashirin da biyar, ba abinci, ka ce ya kwana shi kaɗai a gidan da ba wuta yana jiran masu adda. Dole ya nemi na cefane ta wata hanya. Kuma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: ba a sace maka komai ba. Baburan nan da 'yan garinsun nan su suka tsare maka gidan, don ɓarawo ya ga ana shiga ana fita.

Alhajin Kwari:
Kai ma dai. To kuɗin gyaran masai kai za ka biya?

Malam Magini:
Salamu alaikum. Shekarata talatin da wani abu ina gini a garin nan, bari in sa baki, don duk kun tsaya a kan ɓarawo kun manta da wanda ya fi shi ɓarna. Ɓarawo waya zai ɗauka ya tafi. Ruwa gidan zai ci gaba ɗaya, kuma ba ya haura katanga.

Yawancin gidajen da ake yi yanzu ɓoyayyen rufi ne, wanda ake ja da bango ya rufe kwano. Ruwan duk yana taruwa a kwatar siminti kafin ya fita ta indararo. Leda ɗaya da ganyen darbejiya sun isa su toshe shi. In da mutum a gidan, daren da ya fara ɗiga zai sa bokiti, da safe ya hau ya yashe. In babu kowa, ruwan Agusta zai kwanta a can sama ya cika ya koma ciki, silin ya jiƙe ya rufto, katako ya ruɓe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to gidan da ba mai ɗaki fa? Ga iskar farkon damina, ta ɗage kwano ɗaya, in ba a buga shi a satin ba ta dawo ta kwashe sauran.

Sai gara. Ita ba ta son motsi da shara. Gidan da ake share shi kullum ana ganin hanyarta a jikin bango a kankare. Gidan da yake rufe, sai ta bi ta hau har rufi, ranar da ka zo ka taɓa katakon ƙofa ya zube kamar gari. Sannan ɗakin da aka toshe ko'ina ba iska, danshi ya kama shi, fenti ya kumbura. Bututun banɗaki in ya daɗe ba a zuba ruwa ba, ruwan da ke tare wari a ciki ya bushe, kyankyasai da ɓeraye su samu hanya daga rami har cikin ɗaki. In cediya ko durumi ya tsiro a jikin gini kuwa, ka cire shi tun yana ganye biyu, saiwarsa tsaga bulo take.

Kai kuma Baban Khalifa, kuskuren da ka yi tun wajen jera aiki ne, kuma ba kai kaɗai ba. Wanda ya san ba yanzu zai tare ba, ba ya jan waya. A binne bututun wayar a bango a bar shi haka, waya sai saura sati biyu a shiga. Haka kawunan famfo, haka injin rijiya, haka tagar alminiyom. Ni in mai gini ya ce min zai yi shekara bai dawo ba, ramin taga bulo nake jerawa in toshe da siminti mara ƙarfi, in bar ƙananan kafofi a sama don iska, ranar da ya tashi a ƙwanƙwashe. Ba wanda zai haura katanga don satar bulon da ke jikin gini. Rodin da ya leƙo a saman ginin da za a ɗora bene kuma a shafe shi da ruwan siminti saboda tsatsa, in da hali a zuba masa ɗan kankare ya rufe, don shi ma yanke shi suke.

Yanzu da aka riga aka zare, shawarata kar ka mayar da wayar duka. Ɗaki biyu da banɗaki ɗaya ka gyara wa wanda zai zauna.

Baban Khalifa:
Baba Magini, Allah ya saka da alheri. Da na san wannan tun bara da ban yi asarar nan ba. Mai aikin wutar ne ya ce gara a ja yanzu kafin waya ta ƙara tsada.

Malam Magini:
Ai bai yi ƙarya ba, ta ƙara tsadar. Sau biyu ke nan za ka saya.

Ɗan Kurna:
Ni fa har yanzu ina kan bakana, tushen matsalar masu sayen kayan ne. Da babu mai auna jan ƙarfe a sikeli ya biya ba tambaya, wa zai wahalar da kansa da fasa silin? 'Yan jari bola ɗin nan da ke yawo da buhu da kura layi-layi, rabinsu leƙen asiri suke, da rana su ga gidan da ciyawa ta rufe ƙofarsa, da dare su dawo.

Gwangwan Sana'a:
Malam, ka iya bakinka. A sana'ar nan na yi aure, a cikinta nake biya wa yara huɗu makaranta. Wa ya ƙirga maka har ka samu rabi? Ƙarfen da muke tarawa tirela ke ɗauka ta kai kamfanonin narka ƙarfe, rodin da kuke gini da shi wani daga nan yake dawowa. Yaran da kake gani da buhu yawancinsu gwangwani da robar ruwa suke tsinta su ci abinci.

Ban ce babu ɓata-gari ba. Akwai, kuma mun san alamar kayan sata: waya sabuwa fil da aka ƙone, kan famfo da ko tsatsa bai yi ba, murfin kwata, ƙofar ƙarfe mai fenti. Ni a wajena in yaro ya kawo irin wannan sai ya zo da wanda ya ba shi, in ya ƙi ya ɗauki kayansa. Amma zan gaya maka gaskiya, in na ƙi saya wani zai saya a gaba. Kuma ba kullum yaran bola ba ne. Sau nawa leburan da ya yi aiki a gidan, wanda ya san ta inda waya ta bi, shi ne zai dawo? Wanda ya san akwai inji a cikin rijiya har ya zo da shirin zaro shi, ba mai wucewa ba ne.

Ɗan Kurna:
"In na ƙi wani zai saya." Ai ka gama magana.

Gwangwan Sana'a:
Na faɗa ne don ka san ba a bakin sikeli za ka tsare gidanka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kwamandan Sintiri:
Ku yi haƙuri da juna. Ni ina cikin 'yan sintirin unguwarmu a yankin Kumbotso, shekara bakwai ke nan, kuma abin da Gwangwan ya faɗa game da wanda ya san gida akwai ƙamshin gaskiya.

Ɓarawo ba ya faɗa wa gida haka kawai, sai ya karance shi. Ciyawa a bakin ƙofa, kwaɗo ya yi ƙura, babu sawun ƙafa ko na taya, babu ruwa a kwata, dare ya yi ba haske. Wasu har ɗan tsinke suke saƙalawa a jikin ƙofa, su dawo bayan kwana uku su ga ko ya faɗi. Shigar farko ba sa ɗaukar abu mai yawa, gwaji ne. In suka ga sati ya wuce ba wanda ya zo ya toshe inda suka bi, shi ke nan, gidan ya zama nasu, su riƙa zuwa suna ɗiba a tsanake. Naka Baban Khalifa ba aikin dare ɗaya ba ne. Zare wayar gida guda da ƙone ta yana cin kwanaki.

Abin da ke ba mu wahala shi ne masu kangwaye ba sa biyan kuɗin sintiri, wai ai ba sa kwana a unguwar. Alhali gidajensu ne suka fi cin mana dare, don a nan ake ɓuya, a nan ake ajiye kayan da aka sato daga wani wuri. Mu kuma ba mu da ikon fasa gidan mutum mu shiga sai da mai unguwa. In muka kama yaro a ciki muka kai wa 'yan sanda, za a ce ina mai gidan ya zo ya shigar da ƙara, a neme shi a rasa, gobe ka ga yaron a layi yana harararka.

Don haka ko wa za ka sa a gidan, ka fara da mai unguwa. Ka je da kanka ko ka tura ƙanenka, a rubuta sunanka da lambarka, a nuna maka shugaban sintiri, ka riƙa biyan abin da kowane gida ke biya. Ka sa a sare ciyawar ciki da waje kafin hunturu, don guntun sigari ɗaya ya isa. Wannan satar ma a kai rahotonta ofishin 'yan sanda ko da ba a kama kowa ba, saboda in gobe aka tsinci wani mugun abu a gidan, akwai shaidar cewa ka sanar an shiga.

Sadik Sola:
Yaya, duk wannan dogon zance ne. Yanzu akwai kyamara mai aiki da hasken rana, da layin waya a cikinta, kana Fatakwal kana kallon tsakar gidanka. Da abu ya motsa za ta turo maka saƙo. Ka haɗa da fitilun sola biyu masu kamawa da kansu in dare ya yi, da waya mai ƙaya a kan katanga. Ba ruwanka da rigimar ɗan Adam.

Kwamandan Sintiri:
Ƙanena, ta turo masa saƙo ƙarfe biyun dare yana Fatakwal, sai ya yi yaya? Ya fito ta cikin wayar? Kyamara tana da amfani in akwai wanda za a kira ya iso cikin minti biyar. In babu, ka sayi na'urar kallon yadda ake sace ka ne kawai, kafin su cire ta ita ma da farantin solar. Ka tuna ranar 1 ga Agustan 2024, lokacin zanga-zanga, da aka wawashe sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a nan Kano tun ba a buɗe ta ba. Duniya ta ga bidiyon masu fita da kujeru da kwamfutoci. Daga baya an yi kame an ƙwato wasu kaya, amma hoton bai hana a shiga ba. Fitilar dai na yarda da ita.

Sadik Sola:
Ai ban ce a bar maƙwabta ba. A haɗa biyun. Saƙon ma ana iya sa shi ya je wayar mutum biyu.

Mai Neman Haya:
Ni ina karanta ku ne kawai raina na ɓaci. Wata takwas ina neman ɗaki biyu da zan sa amarya, an ɗaga bikina sau biyu saboda muhalli. Dillalai sun cinye min kuɗin ganin gida. Ga ku nan kuna shawarar yadda za a toshe taga da bulo a bar gida wa gara. Ku zagaya Nasarawa da Bompai ku ga manyan gidaje a rufe shekara da shekaru, bishiya ta fito ta cikin rufi. Ku je Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, rukunin gidajen da aka gina tun wa'adin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, masu kuɗi suka saya suka kulle da yawa daga ciki, har sai da gwamnatin jiha a 2025 ta ba su wa'adi su tare ko su sa 'yan haya, in ba haka ba a karɓe. Mu muna cunkushe mutum takwas a ɗaki, gidaje na kwana da ƙadangaru. In an sace wayar irin waɗannan ni ba na jin tausayi.

Baban Khalifa:
Ɗan uwa, ni ba mai kuɗi ba ne. Albashi nake tsakura, wani watan bulo ɗari, wani watan ko buhu ɗaya ba na iya saya. Amma na fahimci zafinka. Allah ya kawo maka mafita.

Ɗan Kurna:
Ai gwamnatin da ta gaji gidajen ce ta yi watsi da su shekara takwas.

Abban Sadiya:
Wacce kuma ta zo da rusau a 2023 fa? Ba a ga yadda aka yi rububin rodi ba?

Admin:
Jama'a, siyasa a kai ta wani zauren. Wanda ya ƙara zan goge. Bawan Allah shawara ya nema a kan gidansa.

Barista:
Na ga hankali ya karkata ga a sa mutum ya zauna, kuma ni ma nan na fi karkata. Amma a nan ne mutane ke tsalle daga rami su faɗa rijiya, don shari'un da muke gani a kan "zauna ka tsare min" ba kaɗan ba ne.

A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke aiki da shi akwai abin da ake kira hauzi. In bare ya riƙe gida ko fili shekara goma yana sarrafa shi kamar nasa, yana gini yana rushewa, mai shi yana nan yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, to in ya zo daga baya yana da'awa ba a sauraronsa. Tsakanin 'yan uwa wa'adin ya fi tsawo, ana kai shi shekara arba'in. Amma hauzi ba ya aiki a kan wanda aka tabbatar aro aka ba shi, ko haya, ko jingina, ko amana. Kalmar ita ce "aka tabbatar". Kai shekara ɗaya da rabi ka ce, ba ka kusa da goma ba, amma rai fa? In ta Allah ta kasance, 'ya'yanka ƙanana ne, wa zai tabbatar cewa aro ne ba kyauta ba?

Don haka a rubuta, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan mai gida, sunan mai zama, ɗakunan da aka ba shi, ranar shiga da ranar fita, cewa ba zai sa wani ba, ba zai gina ko ya rushe komai ba, wa ke biyan wuta da kuɗin sintiri. Shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya sani. Ni na fi son a sa kuɗin haya ko ƙanƙani ne a riƙa ba da rasit, don rasit ɗin kansa shaida ne cewa ya san gidan ba nasa ba ne. Amma ka sani, da ya zama ɗan haya ba a fitar da shi da ƙarfi ko a cire masa ƙofa, sai an ba shi sanarwa, in ya ƙi sai kotu.

Abu na biyu da ba wanda ya taɓo: gidan da ba kowa ana sayar da shi. Wannan rubutun da kuke gani a bango, "wannan gida ba na sayarwa ba ne", ba ado ba ne. Ɗan damfara zai sa sabon kwaɗo, ya kawo mai saye ya zagaya da shi, ya haɗa takardun bogi. Asalin takardunka kar su kwana a gidan, kar ka raba hotonsu ga dillalai. In takardar cinikin mai unguwa ce kawai a hannunka, ka fara bin hanyar samun ta gwamnati, ka kuma bincika a KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, yadda filin yake a rajista. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma takardar mallaka galibi tana zuwa da sharaɗin ginawa da biyan kuɗin ƙasa, wanda saɓa shi na iya zama dalilin sokewa. Masu barin fili shekara ashirin su lura.

Hajiya 'Yar Cikin Gari:
Barista, Allah ya yi maka albarka. Naku ma gidan bulo ne. Namu gidan kakanni ne a cikin birni, ginin ƙasa, da soro da azara, zaure uku kafin ka shiga. Tun da mahaifinmu ya rasu aka kasa raba gado, mu goma sha bakwai ne, kowa ya tashi ya koma bayan gari. Ginin ƙasa kuwa duk shekara yake son yaɓe kafin ruwa ya sauka. Wa zai fitar da kuɗinsa ya gyara abin da bai san rabonsa a ciki ba? Damina uku soron ya rufta. Ƙofar zauren ta katako da ta girmi mahaifinmu, wani ya ɓalle ta ya tafi da ita. Yanzu maƙwabta ke kiran yayanmu suna cewa bangon zai faɗo musu a kan yara. Da mun bar ko gwaggonmu ɗaya a ciki da yanzu yana tsaye. Ni ban da abin cewa, in na bi ta lungun ma kau da kai nake.

Barista:
Hajiya, ko mutum ɗaya daga cikin magada yana da ikon kai maganar kotun shari'a a raba, ba sai duk kun yarda ba. In gidan ba ya rabuwa a yi masa kuɗi. Kuma in bangon ya faɗa wa wani bayan an yi muku gargaɗi, maganar za ta fi haka nauyi.

Hajiya 'Yar Cikin Gari:
Na sani. Wanda zai fara kai 'yan uwansa kotu ne babu.

Baban Khalifa:
Jama'a na dawo da bayani, kwana biyar ke nan. Ƙanena ya je wajen mai unguwa, an rubuta mu, mun biya kuɗin sintiri na wata shida. Ya kai rahoto wajen 'yan sanda. Ya kuma shiga gidan da ke kallon nawa. Maman Ihsan, kamar kina wurin: mutumin ya ce dare biyu yana ganin hayaƙi, ya ɗauka masu aikina ne ke ƙona shara, da ya yi shakka kuma bai san wa zai kira ba. Na kira shi da kaina na ba shi haƙuri. Shi ya nuna mana wani malamin Islamiyyar unguwar, mai mata ɗaya da jariri, da mai gidansu ya ba su sanarwar tashi. Mun yi magana, ya yarda da ɗaki biyu, haya kaɗan, takarda kamar yadda Barista ya zayyana.

Matsalar yanzu daga gida take. Hajiyarmu ta ji labari ta ce ga ɗan ƙanwarta ba shi da wurin zama, ta yaya zan ɗauki bare in bar jinina. Yaron kuwa na san shi, in ya shiga ba ranar fita, kuma ba zan iya kai shi ko'ina ba.

Alhajin Kwari:
Tab. Wannan ta fi ƙarfin zauren nan. Ka nemi kawunka ya yi mata magana, kai kar ka yi musu da ita.

Maman Ihsan:
Ko ka biya wa yaron hayar ɗaki ɗaya a wani wuri na shekara, ka ce gudummawarka ce. Zai fi maka sauƙi a kan abin da kake gudu. Kwamanda, ni kuma don Allah ta yaya ake gano mai kango in mai unguwar ma sabo ne bai san shi ba?

Kwamandan Sintiri:
Ki sa maigidan ya tambayi dagaci, ko tsofaffin dillalan filayen yankin, ɗaya daga cikinsu ne ya sayar. Kafin nan ku haɗu ku 'yan layin ku nemi izinin mai unguwa a cike ramin nan da ƙasa tun ruwa bai sauka ba.

Malam Magini:
Baban Khalifa, ko malamin ne ko ɗan ƙanwar Hajiya, kafin kowa ya shiga sai an hau rufin nan, don waɗanda suka fasa silin ba su san inda suke taka ƙafa ba. Ranar Asabar ina da aiki a Rijiyar Zaki, in na tashi zan ƙarasa in duba. Ka ce wa ƙanenka ya samo tsani, nawa gajere ne.